Karkataccen Bakin Mai Gyaran Keke

Talata, 4 ga Maris

'Yata Mai Hoto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da aikinki da mutanen da kike zaune da su a can. Ni ma lafiya lau nake, in ban da gwiwar hagu da ta ƙi jin magani. Takardarki ta ta'aziyya ta iso ta hannun mahaifiyarki, na karanta ta sau uku. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke latsa waya. In na ɗauki waya zan yi maganar Kawunki, murya ce ke gudu ta bar ni. Takarda kuwa tana da haƙuri, tana jira in share fuska in dawo. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji shida na tsaya, kuma biron nasa ne na shago, duk giris ne a jikinsa.

Rabona da ke tun kina 'yar shekara tara. Amma mahaifiyarki da Kawunki 'ya'yan wa da ƙane ne, ni kuwa na zauna da shi shekara talatin da ɗaya, saboda haka ina da bakin roƙonki. Ita ce ta gaya mini aikin da kike yi a ɗakin hoto: a kawo muku tsohon hoto da ya lalace, ku mayar da shi kamar jiya aka ɗauka.

To ga nawa a cikin ambulan, tsakanin kwali biyu. Shi ne kaɗai hotonsa na kirki. Wani mai ɗaukar hoto ne ya kawo kekensa, ƙafar gaba ta lanƙwashe, Kawunki ya miƙe masa ita, shi kuma ya ɗauke shi a ƙofar shago da sifana a hannu. Shekara goma sha huɗu yana rataye a bangon shagon, sama da famfon iska. Da muka yi sati uku a asibiti shagon na kulle, rufi ya yi yoyo daidai wurin, ruwa ya shiga bayan gilashin. Bayan rasuwar na je na buɗe, na tarar takardar ta manne. Da ma na bari. Amma na sa farce na ja a hankali, sai sauran fuskar ta biyo hannuna, bakin ya tsaya a jikin gilashi. Na ɗauko reza in kankaro shi, ya zama gari.

Ni na yi wannan da hannuna, ba na ɗora wa ruwa. Da yana nan cewa zai yi, shekara talatin kina neman hanyar rufe mini baki, ashe farce ya isa.

Roƙona ɗaya ne, ki mayar masa da bakinsa. Na haɗo miki da ƙaramin hoton katin shaidarsa ko zai taimaka, duk da dai a wannan an ce masa ya tsuke fuska, ya fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Sauran kin sani, ai kin taɓa ganinsa da idonki.

Ba na gaggauta ki. Ki gaishe mini da maigidan aikinki.

Taki,
Inna, matar Kawu


Asabar, 29 ga Maris

Inna,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso da hotunan lafiya, kwalin ya yi aikinsa. Ina nan ƙalau, sai mura ta kwana biyu da ta riga ta wuce. Ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin zauna.

Kada ki zargi kanki. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana hoton da ya manne da gilashi ba, kuma kowa farce yake sawa.

Ga yadda na yi. Na shigar da hoton a na'ura, na goge tabon ruwa, na ciko rigarsa da allon shagon. Bakin kuma na aro shi daga katin shaida, na ƙara masa ɗan murmushi. Da na faɗaɗa fuskar sai na lura kuncin hagu ya ɗaga sama fiye da na dama, idon wannan ɓangaren ma ya ɗan ƙanƙance. Na ɗauka ciwon ne ya fara nuna alama tun lokacin. A wurinmu ƙa'ida ce, in mutum ya rasu ba ma barin lahani a fuskarsa, iyalai sun fi son su tuna shi da lafiyarsa. Don haka na daidaita ɓangarorin biyu. Maigidan aikina, wani dattijo da ya shekara arba'in a wannan sana'a, ya duba ya ce aikin ya yi tsabta.

Na sa masa sabon katako da gilashi, na bar 'yar tazara a tsakani don kada ya sake mannewa. Tsohon yana wurina tukuna, in kin ce komai ya yi sai in aiko miki.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya ƙara miki haƙuri.

'Yarki,
Mai Hoto


Asabar, 12 ga Afrilu

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Maganarki ta matashi ta yi amfani, gwiwar ta rage ƙorafi. Allah ya raba ki da mura.

Saƙo ya iso ran Laraba, ko ƙwarzane babu a gilashin. Maƙwabta sun shigo sun gani. Matar tela ta ce ya koma saurayi. Mai shayin da ke kusa da shagon ya riƙe shi da hannu biyu ya ce tubarkalla, yaran zamani sun iya aiki. Na gode da wahalarki, har allon shagon kin fito da shi da harafin nan da ya goge tun ba yau ba.

Amma ki ji ni da kyau, don ni ban iya kwana-kwana ba. Wannan ba mijina ba ne.

Mutumin da kika aiko mini kyakkyawa ne, kamili, irin wanda ake ba ajiyar makullin makaranta. Hedimasta sak. Sai dai ban san shi ba.

Kalmar nan da kika rubuta, lahani, ta tsaya mini a rai kwana biyu. Ba ciwo ba ne, 'yata. Ciwonsa a ƙirji yake, bai taɓa hawa fuskarsa ba. Haka bakinsa yake tun ranar da na fara ganinsa. In zai saki magana, gefen hagu ya ɗaga, na dama ya tsaya inda yake kamar bai ji labari ba. Shi da kansa yakan ce duk abin da ya karkace a unguwar nan shi ya miƙe shi, wannan ɗaya ya bari don masu keke su ga yadda aiki yake kafin gyara.

Bari in ba ki misali ko za ki gan shi. Akwai wani mai kai burodi shaguna, babbar mota ta ja baya ta taka kekensa. Ya kawo shi a buhu, yanki uku. Da wannan keken yake ciyar da gida, idonsa ya kawo ruwa, ya tambaya ko zai gyaru. Kawunki ya zazzage buhun a ƙasa, ya zagaya sau biyu da hannu a baya, ya sunkuya ya danna ƙararrawa, ta yi ƙara. Ya miƙe ya ce, "Ƙararrawar ƙalau take. Sai mu nema mata keke." Mutumin ya yi dariya har ya zauna a kan bokitin faci. Daga nan Kawunki ya kwana huɗu yana tono tsofaffin ƙarafa a bayan shago, ya haɗa masa wani, ya ɗaura masa ƙararrawarsa.

A asibiti ma haka. Likita ya ce masa dole ya bar aiki mai nauyi, ya kuma guji damuwa. Ya ce aikin zai iya bari, damuwar kuwa ga ta nan zaune a gefen gado, ita ta kawo shi a mota. Ni yake nufi. Likitan ya rasa inda zai sa idonsa.

Ba ya dariya a kan maganarsa, ko sau ɗaya. Murya a bushe take fita kamar yana karanta sanarwa. Bakin ne kawai ke tafiya hagu, daga nan kike gane wasa ne, kuma yana tare da ke. In kika cire wannan, duk maganganunsa na shekara talatin sun koma baƙar magana. Hedimastan nan da ya ce da ni damuwa, da na tattara kayana. Kin gane abin da kika goge?

Ki sake, don Allah. Tsohon yana hannunki, kuncin da idon suna nan yadda Allah ya yi su. Ki bar su, ki nemo bakin da zai zauna da su.

Taki,
Inna


Talata, 20 ga Mayu

'Yata,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Yau sati biyar da kwana uku ban ji daga gare ki ba. Na tambayi mahaifiyarki, ta ce kina lafiya, kun yi waya ran Juma'a. To ashe ni ce ba a amsa wa.

Na san harshena. Kawunki yakan ce ni ba na jifa da tsakuwa sai da bulo, kuma sai na rubuta sunana a jiki. In maganata ta yi miki zafi ki yafe mini. Amma ban janye ko ɗaya ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba a waccan. Na rataye hoton a ɗaki, gaban inda nake zama in ɗinka maɓalli. Na ce ko ba shi ba ne, ai rigarsa ce da hannunsa. Sati biyu ina kallonsa. Wata safiya ina wanke kofuna na so in tuno fuskarsa lokacin maganar ƙararrawa, sai hedimastan ya zo mini, bakinsa a miƙe kamar layin littafi. Na rufe ido na sake nema. Shi dai. Maganar tana kunnena, fuskar da ta faɗe ta ba ta nan.

Na ajiye kofin na je na juya hoton, fuska ga bango. Haka yake har yau.

Mutuwa ta ɗauki mutumin, wannan na karɓa, ba ni da ja da hukuncin Allah. Amma fuskar tawa ce, kuma ba zan bari ta tafi ina kallo ba. Ba mu samu haihuwa ba, babu ɗan da zan duba in ce ga bakin ubansa. Ke kaɗai ce mai abin yi a hannu. Kin iya aikin, na gani da idona. Wadda ta fito da harafin da ya goge a allo ba za ta kasa baki ɗaya ba.

Ki amsa mini, ko da layi biyu ne.

Inna


Lahadi, 8 ga Yuni

Inna,

Sallama da neman gafara. Lafiyata ƙalau, kuma ba fushi na yi ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu, sai kuma aikin da ya ƙi. Na so in amsa miki da hoto, ba da ban haƙuri ba.

Na mayar da kuncin da idon yadda suke. Bakin ne ya gagare ni. Duk yadda na ja shi hagu sai ya zama wani abu dabam. Na farko ya fito yana taɓe baki. Na biyu yana murguɗa shi kamar an ci masa bashin gaisuwa. Na uku yaƙe ne, na huɗu ciwon haƙori. Yanzu ina da Kawu tara a jere a kan tebur, kuma duk cikinsu babu wanda zan ba aron keke.

Maigidan aikina ya tarar da ni a kansu, sai na fassara masa wasiƙarki, har da labarin ƙararrawa. Shi Turanci ne harshensa. Ya yi dariya ya ce ai suna da kalma ɗaya da ta ɗauke wannan duka, haruffa uku ce kacal, wry. Ya jawo tsohon ƙamus daga ƙarƙashin kanta ya buɗe mini. Asalinta abin da ya karkace ko ya murɗe gefe guda, kamar wuya ko baki. Daga nan aka ba da ita ga irin murmushin da mutum ke yi in abu ya zo masa da ɗaci da ban dariya a haɗe, da kuma irin barkwancin da ake faɗa a bushe, ba tare da an ɗaga murya ba. Ya ce ana faɗinta ga murmushi, ana faɗinta ga magana, kuma ba zagi ba ce. Na yi ta neman tamu. Ba gatse ba ne, ba habaici ba, ba shaguɓe ba, duk waɗannan suna da ƙaya. Na samu suna, Inna, amma suna ba ya zana baki.

Kuma akwai abin da ya kamata ki sani. Kin ce na san shi. Abin da na sani ɗaya ne. Zuwan da muka yi ina 'yar shekara tara, na ɗauki wani ƙaramin keke a ƙofar shagon ba da izini ba, na faɗa kwata, gwiwata ta fashe. Ina kuka ya fito. Keken ya fara dubawa, sannan ya ce, "Keken zai rayu. Ke fa?" Na riƙe wannan maganar shekara ashirin da biyu. A wurina mutum ne da ya fi tausayin ƙarfe. Ina jin shi ya sa duk bakin da na zana masa yake fitowa da reni. Hannu ba ya zana abin da zuciya ba ta yarda da shi ba.

Ban daina ba. Amma ban san inda zan nemo shi ba.

'Yarki


Litinin, 23 ga Yuni

'Yata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da lafiya ce. Gwiwa tana nan, mun saba da juna.

Kalmar maigidan aikinki ta yi. Na sa 'yar tela ta karanta mini ita da bakinta don ta yi makaranta mai zurfi, na kuma rubuta ta a bangon kalanda. Ashe akwai irinsa da yawa a duniya har aka yi musu suna. Ki ce masa na gode. Sai dai ƙamus ɗinsa ya faɗi yadda abin yake, bai faɗi amfaninsa ba. Wannan ni zan gaya miki.

Mai keke da kaya ba ya hawan tudu a miƙe, karkatawa yake yi har ya kai. Kawunki tausayi ne ya yi masa yawa, in ya fito da shi a miƙe sai ya kunyata mutum, shi ma ya kunyata. Shi ya sa yake biyo da shi ta gefe.

Ranar da kika faɗa kwata ina tsaye a ƙofa da kwanon abincinsa, na ga komai. Ke kuka ya rufe miki ido. Da ƙafa ya taɓa keken. Hannunsa biyu suna kan gwiwarki da wuyan hannunki, yana lalube ko ƙashi ya goce. Ya san in ya ce sannu za ki ƙara buɗe maƙogwaro. Da ya faɗi waccan maganar, haushi ya kama ki, kukan ya tsaya cak, har ya wanke ciwon ya ɗaure ba ki sani ba.

Haka ya yi mini ranar ƙarshe. Da hantsi ne, ma'aikaciyar jinya ta fita, na ga yadda numfashinsa ya koma, na kasa riƙe kaina. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Ki rage. In kika ƙarar yau, me za ki ba baƙi gobe?" Bakin ya tafi hagu. Wannan ne na ƙarshe. Washegari gida ya cika da masu gaisuwa, ina tsakiyarsu maganar ta faɗo mini, sai da na cusa gyale a baki. Suka ɗauka kuka ne. Rabi kuka ne.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Da na zo layin nan naki na Kawu tara da aron keke, dariya ta ƙwace mini ni kaɗai a ɗaki, irin wadda ban yi ba tun kafin asibiti. Na sake karantawa. Na ce wannan murya na san ta.

Ki gaya mini gaskiya: da kike rubuta layin nan, ina bakinki ya tafi?

Don ban ƙarasa miki labarin ba. Da ya gama ɗaure miki gwiwa, kin share hanci kin dube shi kin ce, to a gaida keken, Allah ya ba shi lafiya. 'Yar shekara tara. Kuma gefen bakinki na hagu ya ɗaga. Da kuka tafi ya ce mini, yau ya ga magajiyarsa, sai dai an haife ta a gidan da ba su san darajar kaya ba. Ya daɗe yana maimaita maganar nan taki ga masu kawo gyara.

Na je gidan mahaifiyarki shekaranjiya na ce ta fito mini da hotunan da kike aiko mata. Guda bakwai. Duk bakinki a miƙe kamar an sa magwaji. Ashe ba a kan Kawunki kika fara ƙa'idar nan taku ba.

Kada ki je gaban madubi, mutum a gaban madubi maƙaryaci ne. Ki ba dattijon nan na'urar ɗaukar hoto, ki ce ya ajiye ta kusa da shi, ya jira ranar da wani zai kawo miki aikin banza. Ya ɗauke ki ba ki sani ba, yadda aka ɗauki Kawunki. Abin da kike nema a ƙamus yana ƙarƙashin hancinki.

Taki,
Inna


Juma'a, 11 ga Yuli

Inna,

Sallama. Ina lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune.

Kin kama ni. A makaranta Ƙugiya suke kirana saboda bakin nan. Ranar da na koyi aikin gyaran hoto, fuskar da na fara gyarawa tawa ce, kuma ban sake barin ko hotona ɗaya ya fita haka ba. Da na ga kuncin Kawu ya ɗaga, hannuna ya yi abin da ya saba kafin in yi tunani.

Na ba dattijon na'urar. Kwana shida yana fako. Ran na bakwai wata mata ta kawo hoton mijinta, a rage masa tumbi, a ƙara masa tsawo, a mayar masa da gashi, a kuma buɗe masa ido kaɗan. Na ce mata duk za a iya, amma zai fi sauƙi ta kawo hoton wanda take nufi. Sai na ji ƙyas daga bayan kanta.

Na ɗora bakina a kan fuskar Kawu. Na ƙara kaurin leɓe, na mayar da gashin baki daga katin shaida. Ban ja komai ba, ban karkata komai ba. Layin kuncinsa da gefen bakina suka haɗu kamar tukunya da murfinta. Na daɗe ina kallonsa. Babu reni a ciki, Inna. Ya yi kama da mutumin da hannunsa ke kan gwiwar yarinya.

Ga shi nan, da tsohon, da katin. Ke ce alƙali.

'Yarki


Asabar, 26 ga Yuli

'Yata, magajiyar Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Lafiya lau nake. Gwiwar ma yau ban ji ta ba, ko ta ji kunya ne.

Saƙo ya iso jiya da rana. Ban kira kowa ba. Na rufe ƙofa, na yanke igiyar da almakashin ɗinki, na zare kwalin.

Shi ne.

Ban san tsawon zaman da na yi da shi a cinya ba. Abin da na sani, na rufe ido don in gwada, na nemi ranar ƙararrawa, ta zo da fuskarta. Na nemi ta likita, ta zo. Na nemi ta ƙarshe, ita ma ta zo, na yi kukana, na kuma rage saboda baƙi.

Da yamma na kai wa mai shayi. Wancan karon da hannu biyu ya riƙe yana tubarkalla. Wannan karon yana gani ya ja da baya ya ce, "Kai, wannan mutumin zai faɗi wata magana." Ya ce in juya hoton kafin Kawunki ya tambaye shi ko shayin yau ma ruwan wanke kofi ne. Sannan ya juya mini baya ya daɗe yana goge teburin da ba shi da datti.

Na rataye shi a ɗaki, nesa da shagon da rufinsa ke yoyo. In na ɗaga kai daga ɗinki, mutum biyu nake gani a fuska ɗaya. Na ce miki ba mu samu ɗan da zan duba ba. Na janye wannan, kuma kin san ba na janye magana.

Saura abu ɗaya. Hoton nan da dattijo ya ɗauke ki, ki wanko mini shi yadda yake, kada hannunki ya kusance shi. Akwai ƙusa a gefen na Kawunki, na riga na buga.

Hedimasta kuwa na naɗe shi a tsohon zane na sa a ƙasan akwati. Ban iya yar da shi ba, bai yi mini laifin komai ba. Mutumin kirki ne. Allah ya haɗa shi da matarsa.

Taki har kullum,
Inna